Gilashin da Na Cire Daga Kyamara

Jama'a, wallahi abin da zan faɗa muku ni ya faru da ni, ba ji na yi a majalisa ba. Lokacin ina Libreville, ina da ɗan shagon gyaran rediyo da bidiyo a unguwar Lalala, a shekarun da aka karya darajar sefa, kayan gyara suka yi tsadar da sai dai ka fasa matacciyar na'ura ka ceto mai rai.

A cikin tarkacen shagon akwai wata tsohuwar kyamarar bidiyo da mai ita ya bar ƙasar bai karɓa ba. Wata rana na kai ta gida na kwance ta a kan tabarma, na tarar da wani ɗan gilashi shuɗi-shuɗi a bayan idonta ya tsage. Babu inda zan samo wani, sai na cire shi. Wani ɗan Kamaru mai irin sana'ata ya ce in liƙa baƙin fim ɗin hoto ninki biyu a gurbinsa, za ta riƙa ganin hasken da idon mutum ba ya gani, wai anfararuj. Na gwada. Kai! Ganyen mangwaro ya koma fari fat kamar auduga, sama ta yi baƙi, rimot ɗin talabijin yana walƙiya kamar tocila, fatar mutum kuwa, komai baƙinsa, tana haske kamar madara.

Ana nan sai aka fara kamen baƙi marasa katin zama. Da rana tsaka za a tare taksi a hanyar unguwar Glass a juye mutane cikin babbar mota. A haka aka tafi da Idi, direba, ƙanin maƙwabcina Alhaji Mamman, wani dattijo ɗan Damagaram mai sayar da yadi. Kwana goma sha wani abu Alhaji yana yawon ofis-ofis, wannan ya ce an sa su a jirgin ruwa, wancan ya ce bai san zancen ba.

Ran wata Juma'a bayan an sauko masallaci ya same ni. “Ɗan Kano, ka ɗauke ni a kaset. Akwai mai tafiya gida jibi, ina so tsohuwarmu ta gan ni hankalinta ya kwanta.”

Na ce, “Baba Alhaji, kyamarar nan hotonta ba kyan gani.”

“Ba ado zan yi ba, ɗauka.”

Ya zauna kan benci a tsakar gida, rana tana dukanmu, ya fara: “Inna, muna lafiya. Idi ma yana lafiya, yana hanya...” Ni kuma na kafa ido a kyamara. To, a bayansa akwai mutum a tsaye.

Na ɗago kai, babu kowa sai bango da igiyar shanya. Na mayar da ido, yana nan. Alhaji yana haske fari kamar kowa, shi kuwa wannan fatarsa baƙa ƙirin, hasken bai kama shi ba ko kaɗan, ruwa na zuba daga rigarsa, hannunsa ɗaya a kafaɗar Alhaji. Bakinsa yana motsi. Na kasa kashe kyamarar, Alhaji kuma yana ta magana yana shafa kafaɗar, har ya tsaya ya ce, “Wai ina sanyin nan yake fitowa?”

Na so in ɓoye, Allah ya sani. Amma saura kwana kaɗan wa'adin da aka ba baƙi su fita ƙasar ya cika, Alhaji kuma ya rantse ba zai motsa ba sai ya ga ƙaninsa. Sai na jona kaset ɗin a talabijin na ce ya duba. Ya daɗe yana kallo, ya miƙa yatsa ya taɓa gilashin daidai kunnen mutumin, inda Idi ya taɓa yankewa a haɗarin mota.

“Innalillahi wa inna ilaihi raji'un,” in ji shi a hankali. “Goge.”

Na goge. Ya ce in rufe idon kyamarar da murfinta in ɗauki murya kaɗai. Ya koma kan bencin ya maimaita, “Inna, Idi yana lafiya, yana hanya,” hawaye na bin gemunsa. Da ya tashi na dafa shi, kafaɗar rigar a jiƙe take sharaf, tana warin ruwan teku.

Alhaji ya bi jirgi a makon nan. Bayan shekara biyu na haɗu da wani ɗan garinsu, ya ce Idi bai taɓa isa Damagaram ba, tsohuwar kuma har ta rasu tana sa a ajiye masa tuwo.

Kyamarar na fasa ta da guduma, ban sayar da ko ƙusa ɗaya daga jikinta ba. Har yau ban san me na gani ba, malamai biyu na tambaya kowa da abin da ya ce. Abin da ban faɗa wa Alhaji ba shi ne, mutumin nan ba yayansa yake kallo ba. Cikin kyamarar yake kallo, ni yake yi wa magana, kuma ban gane ko kalma ɗaya ba.

'Yan'uwa masu son kwance na'ura, in kun tarar da irin gilashin nan a ciki, labule ne, ku bar shi inda yake. Akwai saƙon da in ya iso gare ka, ba ka da inda za ka kai shi.