Ranar Da Mai Faci Ya Huda Tayarsa

Shekara talatin da bakwai Baba Mai Faci ya yi a bakin titi ɗaya, ƙarƙashin rumfar kwano, da bahon ruwa, da famfo, da gwangwanin gam, kuma bai taɓa yarda da taya ba. Mai babur zai zo yana rantsuwa tayarsa lafiya lau, iska kawai za a ƙara. Baba ya ce to, ya zaro tiyub, ya hura, ya danna a baho, ya zuba ido. Can sai ɗan kumfa ya taso, sannan wani. Sai ya ɗago ya kalli mutumin, kallon da gara a zage ka.

Aibinsa ɗaya, ba ya yar da tsohuwar taya. Can bayan ɗakinsa tayoyi tsibi guda ne, wai wata rana za su yi amfani. Matarsa, Iya, ta yi mita har bakinta ya gaji.

Mutum ɗaya ke juya shi a duniya: jikarsa mai shekara huɗu, wadda ake kira 'Yar Bawul saboda satar murfin bawul, ɗan murfin bakin da ake hura taya. Takan jera su a yatsunta goma ta ce zobba ne, shi kuma ya yi kamar bai gani ba.

Ana tsakiyar damina zazzaɓi ya kwantar da ita. Jiki rau, kuka take tana cewa cikin idonta na ciwo, ƙafafunta na ciwo. Kowa a gidan ya zama likita, kowa ya ce maleriya ce. Uwarta, 'yar Baba ta fari, ta goya ta zuwa asibitin unguwa, Baba ya rufe rumfa da rana tsaka ya bi su.

Gwajin maleriya bai nuna komai ba. Likitar, wata matashiya mai fara'a, ta duba jajayen ƙurajen da suka feso a ƙirjin yarinyar, ta sa aka ɗebi jini.

"Ina zargin dengi ne," in ji ta. "Sauro ke kawo shi, mai cizo da rana. Ku ba ta farasitamol kawai, ban da asfirin, ban da ibufurofen, suna iya jawo zubar jini. Ta yi ta shan ruwa, da ruwan gishiri da sukari. Amma ku ji da kyau: ranar da zazzaɓin ya sauka, ranar ce ta sa ido. Wani lokaci jijiyoyin jini kan fara yoyo ta ciki, a hankali, ba a gani. In ta yi laushi, ko ciwon ciki, ko amai, ko jini a dasashi, ko fitsari ya ragu, ku dawo a guje."

Baba ya gyara hula. "Wato taya tana tsaye, iska na zurarewa."

Likita ta tuntsire da dariya. "Baba, ka gama karatun! To akwai inda ruwan sama ke kwanciya a gidanku? Tsoffin gwangwanaye, ko tayoyi? Nan sauron ke ƙyanƙyasa."

'Yarsa ta juyo ta kalle shi. Baba ya shiga nazarin silin, kunya da tsoro suka haɗe masa.

Rana ta biyar da safe jikin ya yi sanyi. Gida ya kaure da murna, Iya ta aika wa maƙwabta cewa yarinya ta warke. Baba dai ya jawo kujera bakin tabarma ya zauna, irin zaman da yake yi wa baho. Ya zuba murafen bawul biyar a tafin hannunsa ya miƙa wa 'Yar Bawul. Ta kalle su, ta kau da kai. Ya taɓa yatsunta, sanyi ƙalau. Ta naɗe tana dafe da ciki.

"Ke, yaushe rabonta da fitsari?" ya tambayi 'yarsa.

"Tun jiya da la'asar, Baba."

"Ɗauko mayafinki."

"Kai dai ba ka iya farin ciki ba," in ji Iya. "Yarinya ta samu sauƙi!"

"Yarinyar da ta ƙi murfin bawul ba ta samu sauƙi ba."

Da isarsu asibiti, ko zama ba su yi ba aka ba su gado, aka sa mata ƙarin ruwa. Likita ta duba sabon gwajin jini ta ce, "Kun zo a kan lokaci." Baba ya fita baranda ya share ido da hula, ya ce wai warin magani ne.

Kwana biyu aka yi. A na uku 'Yar Bawul ta tashi zaune, ta cinye abincinta, ta taɓa na uwarta, aka kuma kama ta da murfin sirinji uku a yatsu. Nas ta ce a sallami ɓarauniyar nan kafin ta kwashe asibiti.

Washegari Baba bai buɗe rumfa ba. Ya kifar da tayoyin ɗaya bayan ɗaya, ruwa yana kwarara da 'ya'yan sauro suna wutsil-wutsil. Mai sayen tsoffin kaya ya yi sawu huɗu da amalanke. Iya ta kafa kujera a inuwa tana kallo, tana cewa shekara ashirin take jiran wannan rana, ba za ta ƙifta ido ba.

Taya ɗaya ya bari. Ya wanke ta, ya ɗauko ƙusa da guduma, ya huda ta wuri huɗu don kada ruwa ya kwanta, ya rataye ta da igiya a reshen bishiya.

'Yar Bawul ta leƙa ramukan, ta riƙe baki. "Kaka, ka ɓata taya! Kawo gam in yi mata faci."

"A'a, uwar ɗakina," ya ce, ya ɗaga ta ya ɗora a kai. "Wannan haka za ta zauna. Riƙe igiya da kyau."

Ya tura lilon, dariyarta ta tsallaka katanga.