Yana Bayan Zana, Ina Ciki

Ina tsince yakuwa a tsakar gida bayan la'asar, sai maƙwabciyata ta shigo ba sallama. Bafulatana ce, ta girme ni, Adda nake ce mata kamar yadda kowa ke ce mata a layinmu. Ta zauna kusa da ni, ta karɓi tiren daga hannuna ta ajiye gefe. Ta ce an kira mijinta a waya daga Mayo-Ulo. Malam ya idar da sallar azahar a masallacin kasuwa, ya ce kansa na juyawa, ya jingina da bango, kafin a kai shi asibiti Allah ya karɓi abinsa. Na yi salati. Sannan na tambaye ta ko an ɗauke akwatin kayan aikinsa daga rana. Har yau ban san abin da ya sa wannan tambayar ce ta fara zo mini ba.

Malam mijina ne. Ba malamin karatu ba ne, gyaran keken ɗinki yake yi, ni ce dai na saba kiransa haka. Ranar zazzaɓi ya kwantar da ni, shi ya sa ya tafi shi kaɗai. Can aka yi masa sutura kafin magariba. Washegari aka kawo mini babur ɗinsa da akwatin.

Mu mutanen Azare ne. Mun zo Garwa ina da ƙuruciya, bayan wani tela ya gaya wa Malam cewa a wannan ƙasar kekuna sun fi masu gyara yawa. Da farko kome baƙo ne a wajena. Burodinsu dogo ne mai tauri, sai da na koyi tsoma shi a shayi. A kasuwa ana jin Hausa, amma da zarar na shiga cikin gida sai Fulatanci, ina zaune ina murmushi kamar kurma. Malam kuwa Faransancinsa bai wuce gaisuwar jandarma ba, kuma da ita ya yi ta wuce shinge shekara da shekaru, yana ɗaga hannu yana dariya.

Yadda na shiga aikinsa, a Bogo ne. Wani mai shanu ya ce keken matarsa na tsinka zare. Namiji ba ya shiga gidan, don haka aka kwance kan keken aka fito da shi zaure. Malam ya duba, ya sa mai, ya ce lafiyarsa lau. Aka mayar, aka taka, zare ya sake tsinkewa. Aka sake fitowa da shi, aka sake mayarwa. Mai gidan ya fara kallon Malam wani iri. Ni ina gefe da buhun kayanmu, don rakiya kawai na zo in ga gari. Sai Malam ya ce, "Keke ba ya faɗin ciwonsa sai a kan ƙafafunsa. Ki shiga, a jawo shi kusa da zana, ki taka in ji."

Na shiga, aka jawo, na taka. Daga bayan zana na ji muryarsa: "Tsaya. Sake takawa, a hankali. Ba kan ba ne, bel ne ya saki, yana fizgar keken. Ki ciro shi, za a rage masa tsawo." Aka rage, keken ya yi ɗinki sumul. Matar ta ba ni ƙwarya cike da kindirmo, ta kuma gaya wa maƙwabta.

Tun daga ranar haka muke aiki. Shagunan teloli maza nasa ne shi kaɗai. Gidajen mata kuwa namu ne mu biyu, yana bayan zana ko jikin bangon zaure, ina ciki da sukudireba. Ya sa mini suna Injiniya.

"Injiniya, wannan ƙarar ba ta allura ba ce, kwarkwaro ne ke gogar gidansa. Sassauta noti na hagun."

"Kamar yaya?"

"Kaɗan, kamar kina sa gishiri a miya."

"Gishirin gidanku ko na gidanmu?"

"Na gidanmu, Injiniya. Da na gidanku ai sai keken ya watse."

Wadda ta ji Hausa a cikin matan sai ta fassara wa saura, a yi ta dariya. A irin waɗannan ɗakuna na koyi Fulatanci, ina durƙushe ƙarƙashin keke, mata na hira a kaina.

Mun yi yawo. Babur ɗaya, akwati a ɗaure a baya, ni a tsakani. Mun je Gider da Pitowa, mun je Marwa muka sauka wajen wani tela, mun ratsa gonakin masakwa da suke kore shar alhali ƙasa ta tsattsage don rani. Sau ɗaya muka kai Kolofata, kafin hanyar can ta lalace mu daina. Wata damina a hanyar Mayo-Ulo muka tarar rafi ya kawo, wanda da safe muka wuce shi yashi ne zalla. Muka zauna gindin tsamiya da 'yan kasuwa muna cin dafaffiyar gyaɗa har ruwan ya ja baya. Samarin wurin suka ɗauki babur a kafaɗa, ni na ɗora akwati a kai na shiga. Da na waiwaya sai na ga Malam a bakin ruwa ya naɗe wando, bai motsa ba. Ashe tsoron ruwa yake yi, duk zamanmu bai taɓa faɗa mini ba.

Na ce, "Malam, in dawo in goya ka?"

Ya ce, "Ke dai kula da akwatina."

Wata tsohuwa mai tallan daddawa ce ta kama hannunsa ta ƙetare da shi, tana yi masa faɗa da yarensu. Bayan wannan, duk sanda muka hau gadar Binuwai za mu shiga gari, nakan nuna masa dorina a ƙasa in ce ga 'yan'uwansa na kira. Yakan ce shi da su sai dai gaisuwa daga nesa.

Allah bai ba mu haihuwa ba. Mun nemi magani, muka haƙura, muka zauna lafiya.

Wannan ne abin da yayana ya kama da ya zo ɗaukata, ana saura kaɗan in fita takaba. Ya zauna bakin ƙofar ɗakina ya ce, "Ba ɗa, ba miji, ba dangi. Me zai zaunar da ke a ƙasar mutane? Ɗakin Inna na nan, an gyara miki."

Na ce, "Yaya, ina da aiki a nan."

Ya ce, "Aikin nasa ne. Ke hannu kika ba shi, kunnen nasa ne. Ba da kanki kika gaya mana haka ba?"

Gaskiya ya faɗa, ni na gaya musu. Ina son Azare, amma na san in na koma, zan zama baƙuwar da ake dafa wa abinci. A Garwa kuwa ban san ko zan iya ciyar da kaina ba. Muka bar maganar a kan zai jira in fita takaba mu tafi tare.

Da na fita, Adda ta zo ta ce keken wata 'yar ƙanwarta a ƙetaren kasuwa ya tsaya, ga ɗinkin mutane jibge. Na ce ba zan iya ba. Ta ce, "Je ki gaya mata da bakinki, ni ba 'yar aikenki ba ce." Ta ɗauko akwatin ta ɗora wa Yaya a hannu, ta ce ya raka ni.

Yaya ya zauna a zaure, na shiga. Keken na tsallake ɗinki, yana wata ƙara. Na zauna na taka. Na taka, na tsaya, na kasa kunne wajen bango. Sai da na ji shiru sannan na gane abin da nake jira. Na sunkuyar da kai kamar ina duba allura, har idona ya washe. Na canza allurar, na sa mai, na sake takawa. Ƙarar na nan, kuma ban iya raba ta da sauran ƙararrakin ba. Kome a kunnena yake, fedal da bel da ƙafata.

Sai na ce wa mai keken ta zauna ta taka, kada ta tsaya sai na dawo. Na fita zaure. Yaya ya miƙe yana tsammanin tafiya za mu yi. Na ce ya matsa mini. Na zauna a ƙasa, na jingina kaina da bango, na rufe ido. Daga nan ƙananan ƙararrakin duk sun ɓace, bango ya shanye su. Ɗaya ce ta rage, siririya, tana zuwa tana komawa daidai da saukar allura. Na san ta. Na sha jin Malam yana kiran sunanta.

Na koma ciki na sassauta na hagun, na gyara zaman kwarkwaron, na ɗaure. Ta taka, ɗinki ya tafi a jere. Na sake fita zaure don in tabbatar. Yaya yana kallona, ya ce, "Haka Malam yake zama?"

Na ce, "Haka. Sai dai shi yana miƙe ƙafa."

A hanyar gida shi ya riƙe akwatin har muka kusa layinmu. Ya ce, "To ki riƙa zuwa da salla." Bayan kwana kaɗan ya koma Azare shi kaɗai, da ƙullin busasshen kifi na kai wa mutanen gida.

Yanzu cikin Garwa nake aiki, da ƙafa ko a bayan ɗan acaɓa. Mata sun saba da ni, in na ce a taka, sun san fita zan yi in zauna a waje. Ina samun na abinci da na haya. Ba kowane keke ke faɗa mini ciwonsa ba. Akwai na wata tsohuwa da ke ɗinka hulunan jarirai, yana tafiya daidai a kan atamfa, da an sa masa yadi mai kauri sai ya tattare zare a ƙasa. Na je gidanta na saurara daga zaure, na saurara daga bayan ɗaki, na kwance shi na mayar. Ta ce ba ta sauri, in riƙa zuwa ko don hira. Zan koma ranar Laraba. Ban gano abin da ke damun keken ba tukuna.