Zariyar Fatarin Jharna

Shekara talatin da ɗaya Jharna Pramanik tana busa shanka a ƙofar gidanta da ke Krishnanagar a ƙasar Indiya. Katantanwar teku ce babba, gadon mahaifiyarta. Rana na faɗuwa sai ta kunna fitila ta busa sau uku, kamar kowace matar unguwa. Ciwon huhun bara ne ya raba ta da busar. Yanzu in almuru ya yi, gidajen maƙwabta duk su ɗauka, nata shiru kamar an yi rasuwa. Takan tsaya rungume da shankar, tana jiyo a ranta busar da mahaifiyarta kan yi a bakin kogi.

Mijinta Nitai kuwa, wanda ko ruwan shayi bai taɓa dafa wa kansa ba, cewa ya yi, "Akwai ta lantarki a kasuwa, danna maɓalli kawai."

"Kana ji ko? Ranar da ka shigo da ita, ku fita tare."

Ta tafi wurin Tapati, mai koyar da yoga a filin unguwa da sassafe, ta ce a koya mata riƙe numfashi irin na ƙarfi.

"Yaya, zauna tukuna. Kada ki ja, kada ki tura. Ki dai lura da inda yake shiga da inda yake tsayawa."

"Malama, ni da nake numfashi tun ba a haife ki ba?"

"To kin taɓa kula shi?"

Kwana tara tana zaune a tabarma tana cika tana batsewa, sauran mata suna ta hura hanci kamar zugazugi. A na goma ta ji abin. Numfashin yakan sauko har ƙirji, ya gangara kaɗan, ya ci karo da zariyar fatarinta, ya koma. Ta shafa wurin, ta ji fatar ta yi kanta.

Sai ta tuna. Tana amarya sarinta, dogon zanen da matansu ke naɗawa a kan fatari, ya taɓa zamewa a gaban baƙi, surukarta ta ja zariyar nan da hannunta ta ƙulle, ta ce matar kirki ba ta sakin ciki. Tsohuwar ta yi shekara sha biyu da mutuwa, amma kullum da safe Jharna ce da hannunta ke ƙulla wa kanta ƙullin tsohuwar! Lokacin da huhun ke da ƙarfi, ya iya da hakan. Yanzu ya gaza.

Da yamma ta sassauta zariyar da faɗin yatsa biyu. Ta tsaya har cikinta ya cika don kansa, sannan ta kai shankar baki. Sautin ya fito gajere, a dishe.

"Akuyar wa ta shigo?" in ji Nitai daga ɗaki.

Ko kallonsa ba ta yi ba. Saura biyu. Ta tsaya tana jiran numfashi na gaba ya iso.