Zuwana Ikko Neman Jirgin da Zai Duba Teku

Kwatano

Ana idar da sallar asuba na bar Zongo, ko karyawa ban yi ba. Shekarar zaɓen farko ce bayan mulkin soja, kowa maganarsa ƙuri'a. Ni damuwata daban. 'Yata Rabi ta shiga jirgin ruwan 'yan kasuwa za ta wurin mijinta a Gabon, jirgin bai isa ba, bai kuma dawo ba. Ƙanena Sale makaniken jirgi mai saukar ungulu ne a wurin sojan ruwa a Ikko. Shi na nufa, ya sa a tashi a duba min teku.

Zemijan, wato ɗan acaɓa, ya sauke ni a tashar Jonquet, na sami fijo saura mutum ɗaya.

Seme

A kan iyaka jandarma suka duba takardunmu, 'yan duwan, wato kwastan, suka zazzage kayan wata mai atamfa, muka daɗe a rana. Direba ya tambaye ni ko sari zan yi. Da na gaya masa, sai ya kashe rediyo, bai sake kunnawa ba har Badagiri. A nan ya sayo min ƙosai, na riƙe a hannu har ya huce.

Ikko

Da la'asar na isa bariki. Matar Sale ta ba ni ruwa da tuwo, shi kuwa ya kasa haɗa ido da ni. Washegari ya nemi izini ya kai ni rumfar jiragen. Ɗaya ba fukafukai, ɗaya an lulluɓe shi da tamfol, na ƙarshe cikinsa a buɗe.

Ya ce da farko an ƙera irinsu ne don farautar jiragen abokan gaba. Daga baya aka fito da wani samfuri mai inji mafi ƙarfi, da igiyar da ke zaro mutum daga ruwa. Nasu tsohon samfuri ne, kayan gyaran da aka kawo kuwa na sabon ne, ba sa shiga. Shekaru ke nan yana zuwa kullum yana goge su.

Na ce ya haɗa na wannan da na wancan, ɗaya ya tashi.

Ya ce, "Yaya, ko ya tashi, mansa ba zai kai inda Rabi take ba."

Na dafa ƙarfen, na zauna a ƙasa. Wani soja ya kawo kujera, ban iya tashi ba.

Komowa

Sale ya raka ni tasha yana kuka, ni ce ma na ba shi haƙuri. Hanyar tana bin gaɓar teku, na juya fuskata ɗaya gefen. Da magariba na shiga Zongo, na tarar mata sun cika tsakar gida. Ba wadda ta tambaye ni, fuskata ta ishe su.

Na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya, da direban nan da ban san sunansa ba, da Sale da iyalinsa. Liman ya aiko ko a sa ranar addu'a. Na ce a dakata. Har yau ban aika masa ba.