Ashe Makka Ta Fi Abuja Kusa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 12 ga Zulhijja 1445, aka bugo mini waya daga Mina cewa matata Hindatu ta rasu bayan ta dawo daga jifa. A Makka aka yi mata sutura, ni kuwa ina Dutse.

Hindatu, kin tuna yadda kike tsoron jirgi? Ana gobe za ku tashi kika dame ni da tambayar nisan Jidda daga filin jirginmu na Dutse. Na ce miki a sama kimanin awa biyar ne, bai kai wahalar zuwa Abuja a mota ba. Kika yi dariya kika ce, "Ashe Makka ta fi Abuja kusa! To Malam, kada ka ma ɗaga shimfiɗata." Ban ɗaga ba har yau.

Ke ce ba kya iya ganin baƙo cikin kewa. Duk Sallah sai kin aika wa ɗaliban jami'a da ke haya a layinmu tuwo da nama, waɗanda gida ya yi musu nisa. Da na yi mitar cefane sai ki ce su ma 'ya'yan wasu ne. Bana su ne suka riƙa shimfiɗa tabarmin masu gaisuwa, babu wanda ya sa su.

Kowa ya zo sai ya ce kin dace, kin kwanta a ƙasa mai tsarki. Gaskiya ne, na kuma gode wa Allah. Amma ban ɗauki makararki ba, ba ni da kabarin da zan tsaya a kai ranar Juma'a. Nisan da na raina a gabanki yanzu ya fi ƙarfina, kuma kewarki tana cin raina.

Ran da jirginku ya dawo na je tarya kamar yadda na yi alkawari. Mata na guɗa, ana ta rungumar alhazai. Na tsaya har aka watse, sannan aka miƙo mini jakarki. Kin sha tsokanata cewa ba za ki wahala ki ɗauko wa mutumin Dutse dabino ba, tunda ga shi a bayan gidansa. Da muka buɗe jakar, dabinon ne a sama.

Allah Ya jiƙan ki, Ya karɓi aikin hajjinki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Ina yi wa mahaifiyarki Inna Talatu da 'yarmu Marwa ta'aziyya, Allah Ya ba mu haƙuri baki ɗaya. Shekaru kina cewa so kike ki ji na kira ki da sunan nan a tsakar gidanmu. Ga shi na faɗa, ko da ba mai amsawa: sannu da hanya, Hajiya.