Kyamarar da ta haifa min ƙane

Jama'a, yau na samu abokin takara a neman aure, kuma da kuɗina na sayo shi!

Kun san ina neman Hajiya Ladi, bazawarar nan ta Ajingi. Ta ce in aika mata hotona ta nuna wa yayyenta. Wayata kuwa tun da ta faɗi gilashin hotonta ya fashe. Sai na shiga wani shago a nan Gaya in sayi 'yar ƙaramar kyamara, dama sunan jikata na tafe.

Mai shago ya fito da guda biyu. Ya ce, "Baba, wannan megafiksel ashirin ce, akwai tsada. Wannan takwas ce, rabin kuɗin waccan."

Na ce, "Ɗan nan, ni mudu da tiya na sani. Gwada su a fuskata."

Ya ɗauke ni da mai tsadar. Innalillahi! Fuskata ta fito kamar kunyoyin gyaɗa. Ga giɓi, ga jan goro, ga furfurar da rini bai kama ba.

Ya ɗauka da mai arahar. Dishi-dishi, fuska sumul! Na ce, "Wannan ita ta san girman manya." Na biya, ya wanke hoton, na ba ɗan acaɓa ya kai Ajingi.

Bayan la'asar sai ga kiran Hajiya.

"Malam Audu, hoto ya iso. Ƙaninka ne?"

Ina gyaran murya zan yi bayani, ta ce, "Yayyena sun ce in wannan ne sun ba shi. Yana da iyali?"

Yanzu haka ina shagon, ina lallaɓa mai shago ya canza min da mai tsadar.