Butar da Na Saya wa Jikata

Shekarun baya, ina zaune a Bobigny, ɗiyata ta kira ni daga Lyon. Ta gajarta gaisuwa, na san akwai magana.

"Baba, na samu aikin nan na Saint-Fons, amma wata uku na gwaji ne. Yarinya za ta shiga lakwal, makarantar ƙananan yara, a Satumba, kuma ba sa karɓar mai kunzugu. Maigidan yana Yamai."

Na hau jirgin ƙasa ina ganin abin mai sauƙi ne. Ni da na shekara talatin ina karantar da babin tsarki, ya za a yi ’yar shekara uku ta gagare ni? Na shiga wani shago a La Guillotière na sayo mata ƙaramar buta. Na koya mata shiga da ƙafar hagu, da addu’a, da kama ruwa. Cikin mako uku ta bar kunzugu, ni kuwa ina ta yabon kaina a zuci.

Ranar farko a makaranta ta fito da wandon aro, nata yana cikin leda. Rana ta biyu haka, ta uku haka. Ranar Alhamis shugabar makarantar ta tsayar da ni da ɗiyata a ƙofa, ta yi bayani cikin ladabi cewa idan abin ya zarce mako mai zuwa, sai a riƙa ɗaukar yarinyar kafin azahar har ta shirya. Ɗiyata ba ta tashi aiki sai bayan la’asar, ni kuma likitan idona yana jirana a Paris.

Da muka isa gida uwar ta tsare ta: "A gida kina yi, me ya hana ki a can?" Yarinyar ta sunkuyar da kai. Na ce a bar mini ita.

"Amaryata, wani ya tsorata ki ne?"

Ta girgiza kai. Can ta ce, "Kaka, babu buta. Takarda kawai. Kai ka ce mala’iku suna gudun wanda bai wanke da ruwa ba."

Na faɗi haka kuwa, don in zaburar da ita. Ashe yini take yi tana matse fitsari har ya ƙwace mata. Alhali na san tsarkin hoge halal ne, na karantar da manya cewa dutse ko takarda suna wadatarwa, kuma yaro hukunci bai hau kansa ba tukuna.

Na ce, "Kakanki ya yi kuskure. Takarda ma tsarki ce, mala’iku ba su taɓa gudunki ba."

"Ko ɗaya?"

"Ko ɗaya."

Asabar da Lahadi na ɓoye butar, muka koyi takarda. Ranar Litinin na tsaya a ƙofar makaranta tun kafin lokaci, carbi a hannu, ban san adadin da na ja ba. Da ta fito, wandonta na fara duba. Wanda ta tafi da shi ne.

Yanzu budurwa ce, uwarta tana nan a wurin aikinta. Ni kuwa tun daga ranar, duk wanda ya zo mini da tambaya, sai na faɗa masa rangwamen da shari’a ta yi kafin ya tashi, ko da bai tambaya ba.